Shekara biyu ina shan maganin olsa na ruwa, me ya sa ban warke ba?

Wani direba mai jigilar fasinja tsakanin Gombe da Bauchi ya aiko da wannan tambaya: "Likita, shekaruna 46. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da olsa. Farin maganin nan na ruwa nake sha, kwalba ba ta rabuwa da aljihun motata. In na kurɓa sai zafin ya kwanta, amma kafin in kai Alkaleri ya dawo. Yanzu kwalba ɗaya ba ta yi mini mako. Da dare kuma nakan sha haɗin maganin ciwon jiki saboda bayana. Wane maganin ruwa ne ya fi ƙarfi in koma masa? Ga azumi yana matsowa."

Malam, sannu da jiki, Allah Ya kawo sauƙi. Kai hankalinka yana kan kwalbar da ke aljihun mota, ni kuwa da na karanta saƙonka, a kan ƙullin ƙwayoyin nan na dare nawa hankalin ya tsaya. Za mu zo kansu. Bari mu fara da kwalbar, tunda ita ka tambaya.

Tumbin mutum yana tsatso da ruwa mai asid, wajen lita ɗaya da rabi kullum, don ya narkar da abinci ya kuma kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo loma. Asid ne mai kaifi sosai. Abin da ya hana shi cinye tumbin shi ne wata majina mai kauri da ta shafe bangon ciki, kamar yadda yaɓe yake kare ginin ƙasa daga ruwan damina. Duk inda yaɓen ya zube, asid zai tarar da tsoka a fili ya fara ci, wurin ya zama rauni. Raunin nan shi ne gyambon ciki, wanda muka fi kira olsa. Yakan fito a tumbin kansa, ko a bakin ƙaramin hanji inda tumbi yake juye abinci.

Farin maganin da kake sha, galibinsa sinadaran magniziyam da alminiyam ne aka dama. Da ya haɗu da asid sai ya kashe masa kaifi, daidai da yadda uwargida take jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa tsamin ya faɗa. Shi ya sa kake jin sanyi cikin 'yan mintoci. To amma tumbi bai daina aikinsa ba, yana nan yana tsatso da sabon asid. In kuma cikin wayam yake, maganin ba ya wuce rabin awa zuwa awa ɗaya zai gangara hanji. Ka ga ashe lissafinka na Alkaleri daidai yake: iyakar kwanan kurɓi ɗaya ke nan a cikin da babu abinci. Maganin bai lalace ba, bai kuma yi maka kaɗan ba. Iya aikinsa ke nan.

A da, kafin a samu magungunan yanzu, likitoci sun warkar da gyambo da irin wannan ruwa, sai dai sai an sha shi har sau 7 a rana na makonni, kuma bayan 'yan watanni gyambon yakan dawo, domin ba a taɓa abin da ya haddasa shi ba.

Kwalaben da ke kemis ba duka ne iri ɗaya ba, ko da yake a ido duk farin ruwa ne ko mai ɗan launi. Akwai wanda ake kira Mist Mag, tsohon haɗi mai araha, magniziyam ne da sodiyam. Akwai irin su Gestid, haɗin alminiyam da magniziyam da wani sinadari mai fasa kumfar iska, don masu kumburi da yawan gyatsa. An haɗa biyun ne da dalili: magniziyam shi kaɗai yana sa zawo, alminiyam shi kaɗai yana busar da bayan gida, in an gama su sai kowanne ya rage wa ɗan'uwansa ɓarna. Gaviscon kuwa dabararsa daban. Yana ɗauke da wani sinadari da ake samu daga ciyawar teku, wanda in ya haɗu da asid yakan zama kumfa mai kauri ya yi iyo a saman abin da ke tumbi, ya zama marfi. Wannan ya fi dacewa da mai ƙwannafi, wanda ruwan tsami yake taso masa zuwa ƙirji da maƙogwaro, musamman in ya kwanta ko ya sunkuya. Sai kuma sukuralfet na ruwa, wanda shi manne wa raunin yake yi kamar filasta. Shi yana taimakawa wajen warkarwa, amma likita ne yake rubuta shi, kuma ana shan sa ne awa ɗaya kafin abinci, saɓanin sauran. Duk cikinsu babu wanda zan ce maka ka koma masa ka huta.

Yanzu ga maganar haɗin dare. Kusan duk gyambon ciki daga abu biyu yake fitowa, kuma ɗayansu kai da kanka ka ambata shi. Ƙullin da ake haɗa wa direbobi da manoma da 'yan dako yawanci ba ya rasa daikulofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu a ƙulli ɗaya, har a ƙara da firedinisolon ko dekzametazon, magungunan rage kumburi masu ƙarfi. Waɗannan magunguna suna kashe ciwo ne ta hanyar toshe wani sinadari a jiki, sai aka yi rashin sa'a wannan sinadarin shi ne kuma yake sa tumbi ya riƙa sabunta yaɓensa. Wato da dare kana kankare yaɓen, da rana kana yayyafa wa wurin ruwan sanyi. Haka asfirin yake, har da garin maganin ciwon kai na ƙunshin takarda irin su Alabukun, wanda asfirin ne da kafin. Kar kuma wani ya ce maka in an yi allurarsa ko an sha bayan cin tuwo ba ya taɓa ciki. Ta jini yake bi ya yi ɓarnar, cin abinci ɗan rage raɗaɗi kawai yake yi. In aka gama shi da firedinisolon ko dekzametazon kuwa, haɗarin zubar jini a ciki ƙaruwa yake yi. Farasitamol shi ne wanda ba ya kankare tumbi: ƙwaya biyu masu miligiram 500, kar a wuce sau huɗu a yini. Ciwon bayan kuma a duba shi a kan kansa, don wanda ya yi shekaru yana wuni a bayan sitiyari, sau da yawa gyaran kujera da motsa jiki da gashi sun fi yi masa amfani a kan ƙwaya. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, shi kar ya daina da kansa, ya koma ya yi wa likitan bayani.

Abu na biyu wata ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, a takardar gwaji za ka ga an rubuta H. pylori. Labarin gano ta yana da ban sha'awa. Shekara da shekaru duniyar likitanci ta yarda cewa damuwa da yaji da yunwa ne suke kawo olsa, kuma babu wata halitta da za ta rayu a cikin asid ɗin tumbi. A 1982 wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka raino ƙwayar daga tumbin marasa lafiya. Da aka ƙi gaskata su, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwan da ƙwayar take ciki, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kamu da kumburi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Dabarar ƙwayar ita ce tana kutsawa ƙarƙashin majinar nan, ta riƙa fitar da wani sinadari da yake kashe asid ɗin da ke kewaye da ita, ta zauna shekaru tana raunana yaɓen. Wajen rabin mutanen duniya suna ɗauke da ita, akasari tun suna yara suka kwasa ta ruwan sha ko abinci ko yawu, kuma ta fi yawa inda ake zaman cunkoso da ƙarancin tsabtataccen ruwa. Yawancin masu ita har su mutu ba ta dame su ba. Wasu ta yi musu gyambo. 'Yan kaɗan kuma ta kai su ga sankarar tumbi, shi ya sa tun 1994 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. Ko randa guda ka shanye ta farin maganin nan, ba zai kashe ta ba.

Akwai kuma tambayar da ba ka yi ba: wa ya tabbatar maka olsa ce? A nan wajenmu duk zafin da ya tsaya tsakanin ƙirji da cibiya sunansa olsa. Amma cikin waɗanda nake gani da wannan kuka, da yawa in an leƙa ba a samun gyambo. Wani ƙwannafi ne, wani kumburin bangon tumbi, wani tsakuwar matsarmama, wani hanta, wani ma zuciyarsa ce take kuka ana ta ba ta maganin ciki. Akwai 'yan alamu da suke ba da haske. Gyambon bakin hanji yakan tsananta in ciki ya zama wayam, ya ta da mutum da tsakar dare, in ya ci abu ya lafa. Na tumbi kuma sau da yawa cin abincin ne yake tayar da shi. Daga nan ne aka samo zancen cewa yunwa ce take kawo olsa, alhali ita tono ciwon kawai take yi. Amma alamu ba hujja ba ne, gwaji ake yi.

Gwajin Helikobakta iri uku ne. Na jini shi ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji, kuma shi ne mafi rauni, domin abin da yake nunawa shi ne jikinka ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, ko da ta mutu tuntuni. Na sha ganin wanda aka maimaita wa magani sau biyu sau uku saboda gwajin jini ya ƙi canjawa. Na bayan gida da na numfashi su suke nuna tana nan da ranta. Sharaɗinsu shi ne mutum ya yi mako 2 bai sha omefirazol da danginsa masu rage asid ba, ya kuma yi mako 4 rabonsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ba haka ba sakamako zai fito babu alhali akwai. A wannan tsakanin ne kwalbarka take da rana, don ita ba ta ɓata gwajin, kana iya lallaɓawa da ita. Sai kuma leƙa ciki da na'ura, siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta baki bayan an yi awa 6 zuwa 8 ba a ci komai ba. Mutane suna tsoronsa fiye da kima, alhali mintoci ne. Gani ya kori ji: a nan ake ganin gyambon ƙuru-ƙuru, a kuma ɗebo ɗan tsoka a auna. Ana yin sa a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, duk kuwa a bakin hanyarka suke. Mutum mai shekarunka da ya yi shekara biyu da ciwo yana kuma shan haɗi, ni zan so a leƙa.

In an samu ƙwayar, maganin na kwana 14 ne. Wanda aka fi bayarwa haɗin uku ne: omefirazol ko ɗan'uwansa, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta biyu, galibi amoksisilin da kilaritiromaisin, safe da yamma. Likita yana iya canja haɗin in jikin mutum ba ya karɓar fenisilin, dangin da amoksisilin yake ciki, ko in ana zargin ƙwayar ta saba da ɗaya daga ciki. Omefirazol ya bambanta da kwalbarka nesa ba kusa ba: shi famfon da ke tsatso da asid ɗin yake rufewa, shi ya sa ake shan sa rabin awa kafin abinci, kuma yakan ɗauki 'yan kwanaki kafin ya kankama. Maganin yana sa ɗacin baki, wani ya ɗan yi zawo, kuma zuwa kwana na biyar yawanci zafi ya tafi. A nan mutanenmu suke ajiye sauran, an kashe maciji ba a sare kai ba, ƙwayar ta farfaɗo ta kuma ƙi jin maganin a karo na biyu. A shanye shi tas. Bayan nan akan ci gaba da omefirazol har mako 4 in gyambon na bakin hanji ne, mako 8 in na tumbi ne, sannan a sake gwajin bayan gida ko na numfashi, aƙalla mako 4 da gama magani, a tabbatar ta mutu. In wani ya miƙo maka ranitidin, wani tsohon maganin rage asid, ka mayar masa. Tun 2020 aka janye shi a Amurka da ƙasashe da dama saboda wani gurɓataccen sinadari da aka samu a ciki.

Kafin ka kai ga duk wannan, ga yadda za ka ci moriyar kwalbar. Ka girgiza ta sosai, domin maganin kwanciya yake yi a ƙasa, wanda bai girgiza ba ruwan sama yake sha a farko, laka a ƙarshe. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to ban da a magani: ka auna da murfin awon da ya zo da ita, mililita (mil) 10 zuwa 20 gwargwadon abin da aka rubuta a jiki. Cokalin shayi mil 5 ne. Lokacin da ya fi shi ne wajen awa ɗaya bayan abinci da kuma lokacin kwanciya, don abincin yana riƙe shi a tumbi har ya yi awa biyu zuwa uku yana aiki. Gaviscon kuwa da an gama ci ake sha. Kar ka kafa kai a bakin kwalba, yawu yana gurɓata sauran. Aljihun mota kuma ba ma'ajiya ba ce. Yawancinsu an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, kai kuwa ka san abin da motar da ta wuni a rana a tasha take zama a watan Maris da Afrilu. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka biya.

Ka ce kwalba ba ta yi maka mako. Kwalbar mil 200, in ana shan mil 10 sau huɗu a yini, dama kwana 5 za ta yi. Yawan bai tayar mini da hankali ba kamar daɗewar. Wannan magani ne na 'yan kwanaki, in an yi mako 2 ana sha ciwo bai tafi ba sai a nemi likita. In haka kake sha tun farko, ka sha kwalba wajen 100. Ka buga kuɗinsu ka gwada da kuɗin gwaji.

Wani abin da ba a cika faɗa wa mutane a kemis ba shi ne, magniziyam da alminiyam da kalsiyam suna kama wasu magunguna a cikin hanji su hana jiki tsotse su. Sifirofuloksasin da ake ba masu taifod, da tetarasaikilin da doksisaikilin, da ƙwayar ƙarin jini, da maganin maƙoƙo, da wasu magungunan tarin fuka, duk abin yana shafar su. A bar aƙalla awa 2 tsakani. Masu shan maganin ƙanjamau mai ɗauke da dolutegirabir su ƙara kula: a sha shi awa 2 kafin maganin ruwan, ko awa 6 bayansa, haka ma sifirofuloksasin. Mai ciwon ƙoda kar ya sha sai da izinin likita, don ƙodar ba za ta iya fitar da sinadaran ba, sai su taru a jini. Wannan ya shafe ka, domin haɗin ciwon jikin nan yana cin ƙoda kamar yadda yake cin tumbi, ka ce a auna taka. Mai hawan jini ko kumburin zuciya ya yi hattara da masu sodiyam, wato Mist Mag da Gaviscon da masu tafasa a kofi. Mai juna biyu da ƙwannafi ya dama tana iya samun sauƙi da wasunsu, amma ta tambaya a wajen awo tukuna, kuma ta raba lokacinsa da na ƙwayar ƙarin jini.

Na san za a ce maka ka jiƙa kanwa. Gaskiya ne tana kashe asid, amma gishirin sodiyam ce tsagwaronta, babu awo, tana cika ciki da iska tana ɗaga jini. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da kumburin zuciyar masu jego. Madara da kindirmo suna sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya su sa tumbi ya ƙara tsatso da asid. Sha don abinci, ba laifi, amma ba magani ba ne. Yaji da kunun tsamiya ba sa haƙa gyambo, sai dai in suna tayar maka da zafi ka rage. Goro da shayi mai kauri da lemon ƙarin kuzari, abokan tafiyar direba, duk suna ƙara asid. Taba kuwa ita ce babba, tana hana gyambo warkewa, tana kuma dawo da wanda ya warke. In ka sauke lodi da dare, kar ka danƙari tuwo ka miƙe nan take, ka bar kamar awa 3 kafin kwanciya.

Akwai alamun da in ka ga ɗayansu, ko a tsakiyar hanya kake, asibiti mafi kusa za ka nufa. Aman jini, ko amai baƙi-baƙi kamar tukar kofi. Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo da wari kamar kwalta, in dai ba ƙwayar ƙarin jini kake sha ba, don ita ma tana baƙanta shi. Jiri da farin ido da haki. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya ciki ya sandare kamar katako, wannan alamar gyambo ya huda ne, aikin tiyata ne na gaggawa. Rama ba dalili, abinci yana tsayawa a wuya, ko aman da ya ƙi tsayawa. Da kuma nauyin ƙirji mai zuwa da gumi yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, wanda zuciya ce har sai an tabbatar ba ita ba. Abin da ya sa nake jin tsoron haɗin nan shi ne yana kashe ciwon da ya kamata ya yi wa mutum kashedi. Na taɓa karɓar wani magidanci da bai taɓa kukan ciki ba, ƙulli kawai yake sha saboda gwiwa, farkon abin da ya gani shi ne jini a kwano.

Batun azumi kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. In ka fara yanzu, mako 2 na shirin gwaji da mako 2 na magani da 'yan makonnin warkewa, kana iya riskar watan da ciki lafiyayye. Masu ƙwannafi da waɗanda gyambonsu ya warke yawanci suna azumi lafiya, a sha omefirazol rabin awa kafin sahur, a buɗe baki da dabino da ruwa, a jinkirta soye-soye da kunun tsamiya mai zafi. Maganin ruwan zai yi amfani bayan buɗe-baki da lokacin kwanciya, amma kar ka sa ran kurɓin sahur zai kai ka hantsi. Wanda aka leƙa aka ga ɗanyen gyambo, ko ya yi zubar jini kwanan nan, wannan likitansa zai ba shi shawara, ya kuma tuntuɓi malamai, don shari'a ta yi wa mara lafiya rangwamen ya rama daga baya.

In za ka je asibitin, ka tafi da kwalbar, ka kuma tafi da ƙullin haɗin a ledarsa yadda aka ba ka, kar ka ƙara sayen wani. Daga launi da rubutun jikin ƙwayoyin za a gane abin da kake haɗiya. In aka samu firedinisolon ko dekzametazon a ciki kuma ka daɗe kana sha kullum, su ba a yanke su rana ɗaya, sai an riƙa ragewa a hankali, don haka kar tafiyar ta wuce wannan makon.